Kalmar Aro da Yadda Take Sauya Kama



Shekarun baya wani baƙo daga Maraɗi ya zo nemana har gida a Madachi, ya tsaya a ƙofa yana tambayar yara, "Mushe yana ciki?" Raina ya ɓaci ƙwarai, domin mu nan ƙasar Rano da Kibiya mushe ita ce dabbar da ta mutu ba yanka. Ashe girmama ni yake yi. Kalmar Faransanci ce, monsieur, wadda mutanen Nijar suka ara suna kiran malamin makaranta da ita. Na yi masa kallon wanda bai iya Hausa ba, alhali ni ne ban sani ba.

Turawa ma haka suke aro. Akwai wata sifa a Faransanci, net, ma'anarta abu tsaf, fes. Jamusawa suka ɗauke ta suka ce nett, amma a wajensu ta koma mutum mai kirki, mai daɗin zama. A Suwidin ta zama nätt, wato ɗan ƙaramin abu mai kyan gani. Kalma ɗaya, kowa da inda ya ja ta. A ƙarni na 18 kuwa Faransanci ne harshen fada. Sarki Firedirik na Furusiya, wanda ya yi mulki daga 1740 zuwa 1786, ya fi son rubutu da shi a kan Jamusancinsa na gado. Mutanen Suwidin kuwa har janar ɗin Faransa, Bernadotte, suka naɗa sarki a 1818.

Mu Hausawa sunayen abubuwa muka fi ara, sifa ba ta cika shigo mana ba, sai jefi-jefi kamar orijina da 'yan kasuwa ke faɗa. Tun da Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Ingilishi kuma suka kama Kano a 1903, aronmu ya rabu biyu. Mu kwastan, su duwan. Mu biro, su bik. Mu 'yan majalisa, su dipite. Babu wanda ya fi wani. Kowa bakin Baturensa ya ji.

Roƙona ga waɗanda ke koyarwa a cikinmu: idan yaro ya zo daga Nijar ya ce lakwal, kada a bari 'yan aji su yi masa dariya. A rubuta kalmar a allo, a faɗa musu daga école ta fito.