Sulhu Mai Adalci: Makomar Isra'ila da Falasɗinu da Darasinta ga Yammacin Zamfara



An nemi in yi magana a kan ko akwai hanyar da Isra'ilawa da Falasɗinawa za su kai ga sulhu na adalci. Wani zai ce, mutanen da sai sun biya ɗan bindiga kafin su shiga gonarsu, ina ruwansu da Ƙudus? Ruwanmu biyu ne. Masallacin Ƙudus shi ne alƙiblarmu ta farko. Sannan mu a nan Zamfara mun sha ganin sulhu ana ƙulla shi yana warwarewa, don haka mun san abin da ke kashe shi.

Tushen rikicin

Rikicin na ƙasa ne tun farko. A 1917 Ingila ta yi wa Yahudawa alkawarin gida a Falasɗinu. A 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke a raba ƙasar biyu, Larabawa suka ƙi, don su ne mafiya yawa amma aka ba su kaso mafi ƙanƙanta. Yahudawan kuwa sun fito ne daga kisan kiyashin Turai, inda gwamnatin Hitila ta hallaka musu mutum kusan miliyan shida, suna ganin ba su da tsira sai da ƙasa tasu. A yaƙin 1948 aka kafa Isra'ila, Falasɗinawa sama da 700,000 suka bar gidajensu, wasu korarsu aka yi, wasu gudu suka yi, kuma ba a bar su sun koma ba. A 1967 Isra'ila ta mamaye Yammacin Kogin Jodan da Gabashin Ƙudus da Gaza da Sina'i da Tuddan Golan. Duk wanda zai shiga tsakani, dole ya san cewa kowane ɓangare yana ɗauke da tsoron a shafe shi daga doron ƙasa.

Sulhu biyu, sakamako biyu

A 1979 Masar da Isra'ila suka sa hannu a kan yarjejeniya, ƙarƙashin Anwar Sadat da Menachem Begin. An faɗi ƙarara abin da kowa zai bayar: Isra'ila ta mayar da Sina'i, Masar ta amince da Isra'ila. Aka sa ranaku, aka rushe matsugunan Yahudawa da ke Sina'i, aka janye a 1982, aka girke dakarun sa ido na ƙasashen waje. Sadat ya rasa ransa a 1981, amma yarjejeniyar tana nan har yau.

A 1993 Yasir Arafat da Yitzhak Rabin suka yi musabaha a Fadar Shugaban Amurka a kan yarjejeniyar Oslo. Ita kuma ta ɗage duk abin da ake faɗa a kansa zuwa gaba: Ƙudus, iyakoki, matsugunai, da makomar 'yan gudun hijira. Aka ce a yi zaman wucin gadi na shekara biyar. Aka raba Yammacin Jodan gida uku, kusan kashi 60 cikin 100 ya zauna a hannun Isra'ila kacokan, kuma har yau haka yake, tare da ikon mafi yawan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Masu ƙin sulhu na kowane ɓangare suka samu fili. A 1994 wani Bayahude ya harbe masallata 29 a Masallacin Annabi Ibrahim da ke Hebron. Ƙungiyar Hamas ta Falasɗinawa ta riƙa tayar da bama-bamai a motocin haya na Isra'ila. A 1995 wani Bayahude mai tsattsauran ra'ayi ya kashe Rabin. Ana cikin tattaunawa matsugunai suna ta faɗaɗa, har yau mazauna cikinsu, da na Gabashin Ƙudus, sun kai wajen 700,000.

Bambancin a bayyane yake. Sulhun Masar ya taɓa ainihin abin da ake rikici a kai, ya sa lokaci, ya sa mai sa ido. Oslo ta bar mai ƙarfi ya zama shi ne alƙalin kansa.

Inda ake yanzu

Ranar 7 ga Oktoba 2023 Hamas ta kai hari cikin Isra'ila, aka kashe mutum kusan 1,200, akasarinsu fararen hula, aka kama kusan 250. Martanin Isra'ila ya rusa Gaza, ya kashe mutum sama da 60,000 bisa ƙididdigar ma'aikatar lafiyar yankin, cikinsu da mata da yara masu ɗimbin yawa, ya jefa sauran cikin yunwa. Addininmu bai halatta kashe wanda ba mayaƙi ba, ko ɗan wane ne, kuma laifin wani ba ya halatta jinin al'umma sukutum.

Nan kusa, fata kaɗan ne. Majalisar dokokin Isra'ila ta kaɗa ƙuri'ar ƙin kafa ƙasar Falasɗinu a 2024. Falasɗinawa sun rabu tun 2007, Hamas a Gaza, Fatah a Ramallah, kuma rabonsu da zaɓen shugaba tun 2005. Amurka, wadda ke shiga tsakani, ita ce babbar mai ba Isra'ila makamai. Duk da haka akwai abin kamawa. A 2002 ƙasashen Larabawa, bisa shawarar Saudiyya, sun yi tayin amincewa da Isra'ila in ta janye zuwa iyakokin 1967. A Yulin 2024 Kotun Duniya ta ce ci gaba da mamayar ya saɓa wa doka. A Satumban 2025 Ingila da Faransa da Kanada da Ostareliya suka amince da ƙasar Falasɗinu, abin da Nijeriya ta yi tun 1988. Mafi muhimmanci, tsakanin Kogin Jodan da teku akwai Yahudawa wajen miliyan bakwai da Falasɗinawa wajen miliyan bakwai, kuma babu mai tashi. Ko ƙasa biyu, ko ƙasa ɗaya da kowa ke da haƙƙi daidai da na kowa. Abin da ya wuce haka danniya ce, ita kuwa danniya ba ta haifar da kwanciyar hankali ko ga mai yin ta.

Mu dawo gida

Matsalarmu da tasu ba ɗaya ba ce. Mu ba wata ƙasa ce ta mamaye mu ba, kuma ɗan bindigar da ke sace mata ba mai neman 'yanci ba ne. Amma dubi yadda sulhunmu ya riƙa mutuwa. A ƙarshen 2016 gwamnatin Abdul'aziz Yari ta yi sulhu da shugaban 'yan bindiga Buharin Daji, aka karɓi bindigogi, ba a jima ba aka koma gidan jiya, shi kansa aka kashe shi a 2018. A 2019 gwamnatin Bello Matawalle ta sake yi, aka sako waɗanda aka kama, kasuwanni suka buɗe. Zuwa Satumban 2021 gwamnatin da kanta ta rufe kasuwanni, aka katse layukan waya. A Janairun 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum; gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai 200. Gwamna Dauda Lawal ya ce ba zai yi sulhu ba, amma ƙauyukan da ke bakin dajin Gando suna yin nasu, wanda ba komai ba ne illa biyan haraji don a bar su su yi noma.

A duk zaman da aka yi, wa ya auna burtalin da aka nome da mashayar da aka toshe? Wa ya biya diyyar manomin da aka kashe a gonarsa, ko ta Bafulatanin da 'yan sa-kai suka kashe a kasuwa ba tare da shari'a ba? Wa ya tsayar da magana a kan zinaren Bagega da Dareta da 'Yargalma, wanda gubar dalmarsa ta kashe yara sama da 400 a 2010, kuma har yau masu bindiga ke cin moriyarsa? An zauna da masu makami, an bar gwauraye da marayu a waje. Wannan shi ne kuskuren Oslo: a tsagaita wuta, a ɗage maganar haƙƙi.

Kammalawa

Sulhu mai ɗorewa, a Ƙudus ko a Bukkuyum, yana da sharuɗɗa huɗu. A fara da abin da ake rikici a kai, wato ƙasa da ruwa da hanya. A rubuta wa'adi, a sa mai sa ido wanda zai iya hukunta mai ƙarfi in ya saɓa. A ba wanda aka zalunta wurin zama da diyya, a kai mai kisa gaban alƙali, kowane ɓangare ya fito. Sannan kowane ɓangare ya kama hannun masu tsattsauran ra'ayinsa da kansa.

Kirana ga iyayenmu sarakuna shi ne a rubuta burtaloli da makiyaya da mashayu na kowace gunduma, a sa manomi da makiyayi su shaida. Malamanmu, in za a yi wa Gaza alƙunutu, a haɗa da wa'azin haramcin jinin maƙwabci, Bahaushe ne ko Bafulatani. Gwamnati kuwa ta sani cewa ko sulhu ta zaɓa ko yaƙi, sai ta dawo da kotu da makaranta da asibiti ƙauye kafin a ce an zauna lafiya.

Allah Ya kawo wa Falasɗinawa mafita, Ya ba yankin zaman lafiya na adalci, Ya zaunar da Zamfara lafiya.