Gizo-gizon Fadamunmu da Maganin Feshi

Iyayen ƙasa, malamai, manoman Lambara da 'yan'uwa da suka taso daga Boɗinga da Shagari, ina gaishe ku.

Masana sun rubuta sunayen gizo-gizo sama da iri dubu 50 a duniya. Kundin da ake ajiye sunayen a birnin Bern na Switzerland ya cika wannan adadi a 2022. Dukansu ƙafa takwas gare su, kusan dukansu kuma ƙwari suke ci. Ba sa taɓa gero, ba sa taɓa albasa. A 2017 masana Nyffeler da Birkhofer sun ƙiyasta cewa abin da gizo-gizon duniya ke cinyewa a shekara ya kai tan miliyan 400 zuwa 800.

Wanda ke son ganin nau'o'insu ya je bakin ruwa, don can abincinsu ya fi yawa. Ku ɗauki tocila bayan isha'i ku nufi fadama, ko gefen madatsar ruwan Shagari, ku ɗora ta a goshi ku haska ƙasa. Ƙyalƙyalin da za ku gani nan da can idanun gizo-gizon farauta ne, dangin Lycosidae. Shi ba ya saƙa tarko, bin abinci yake da gudu. Macen tana jan farin ƙullin ƙwanta a bayanta duk inda ta nufa, in sun ƙyanƙyashe kuma ta goya su gaba ɗaya, su rufe mata gadon baya. Sama da ita, a ganyen shinkafa, akwai siriri mai dogon muƙamuƙi, Tetragnatha. Da rana yakan miƙe ƙafafunsa a tsawon ganye har ido ya kasa raba su. Da almuru sai ya shimfiɗa yanarsa bisa ruwa, daidai inda sauro ke tasowa. A gaɓar tafkin Victoria a Kenya ma akwai wani ɗan tsalle, Evarcha culicivora, da ke zaɓar sauron da ya sha jini.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne feshi. Manomin rani ya ga ƙwaro ɗaya a wake ko tumatir, sai ya saɓa famfo ya wanke gonar duka, har bakin ruwa. Maganin ba ya tantancewa. Ƙwarin ɓarna suna hayayyafa cikin makonni, gizo-gizo kuwa sai ya jima bai farfaɗo ba, sai ɓarnar ta dawo fiye da da, a sake sayen magani. Indonesiya ta sha wannan wahala da ƙwaron da ke tsotse shinkafa, har a 1986 shugaba Suharto ya haramta magunguna 57 a gonakin shinkafa, aka koma koya wa manoma ƙirga ƙwari da masu cinsu kafin su yi feshi.

Wannan ƙirga ba ta buƙatar kuɗi. A zagaya gona da sassafe, lokacin da raɓa ke bayyana yana, a duba tushe ashirin. In maharban sun yawaita, a dakata da famfo. A kuma bar ciyawar kunya da ta bakin rafi ba a ƙone ba, don nan suke fakewa da rani.

Afirka ta Kudu ta fara ƙidayar gizo-gizonta a 1997, ta samu sama da iri 2,000. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke cikin wannan taro, Sakkwato ba ta da nisa da nan. Kwalba, barasar adana samfur da littafin rubutu sun ishe ku fara irin wannan ƙidaya, damina ɗaya da rani ɗaya, daga fadamun Lambara.