Haƙuri da Jimiri Cikin Wahala a Bangaskiyar Kirista

 Ina godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba ni wannan dama, suka ce in yi bayani a kan yadda addinin Kirista ya ɗauki wahala da jimre mata.

Na san yawancin waɗanda ke zaune a nan Musulmi ne, mu Kirista ba mu da yawa a unguwar nan. To, ba gardamar addini ta kawo ni ba. Amma yana da kyau mutum ya san abin da maƙwabcinsa ke riƙe da shi ranar da duniya ta juya masa baya, ko don ya san irin gaisuwar da zai yi masa. Ku kuwa 'yan'uwana Kirista, da ku nake musamman, domin akwai wata koyarwa da ta shigo mana wadda take damuna ƙwarai.

Duk mai zaman Kurmi ya taɓa jin ta, a lasifika, ko a cikin mota, ko a rediyo. Ana cewa wai wanda ya ba da gaskiya sosai ba ya ciwo, ba ya talauci, kasuwarsa ba ta faɗuwa. Idan kuwa wahala ta same ka, to ka bincika, ko akwai zunubin da ka ɓoye, ko bangaskiyarka ce ta yi rauni, ko kuma baikon da kake bayarwa ne bai isa ba. Jama'a, kun ga abin da wannan magana take yi wa mutum? Wanda ke kwance an ɗora masa kaya biyu ke nan, ga ciwo ga zargi. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar a ɗakin haya, maimakon a yi mata ta'aziyya sai a bar ta tana ta tambayar kanta laifin da ta yi wa Allah.

Wannan magana ba sabuwa ba ce. Ita ce abokan Ayuba suka yi masa. Ayuba dai duk mun san shi, Musulmi da Kirista, har Bahaushe yakan ce wane yana da haƙurin Ayuba. Littafi Mai Tsarki ya nuna yana da tumaki 7,000, raƙuma 3,000, ga shanun noma da jakuna, ga 'ya'ya 10. Duk suka tafi, sa'an nan miyaku suka rufe masa jiki. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zo suka zauna tare da shi a ƙasa kwana 7 ba wanda ya ce uffan. Da ma a nan suka tsaya! Da suka buɗe baki sai suka dage lallai akwai abin da ya aikata. A sura ta 42 Allah ya yi fushi da su, domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Ku lura kuma, shi Ayuban ya yi kuka, ya yi ƙorafi, har ya la'anci ranar da aka haife shi. Abin da bai yi ba shi ne sakin Allah.

Haka kuma a Bisharar Yohanna sura ta 9, almajirai sun ga wani da aka haifa makaho, suka tambayi Yesu ko laifin wa ya jawo masa, nasa ko na iyayensa. Ya nuna musu ba ko ɗaya. Shi kansa Yesu Almasihu, wanda muke bi, a lambun Getsamani sau uku yana roƙo a ɗauke masa abin da ke gabansa in mai yiwuwa ne, ya kuma miƙa kai ga nufin Allah, aka kai shi ga gicciye. Addinin da alamarsa gicciye ce, yaya za a yi a ce mabiyansa ba za su ga wahala ba? Tun farko ya gaya wa almajiransa cewa mai son binsa sai ya ɗauki nasa gicciyen.

Manzo Bulus ma ya lissafa nasa rabon a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, sura ta 11. Sau biyar ana yi masa bulala 39, sau uku ana dukansa da sanduna, sau ɗaya aka jejjefe shi da duwatsu, sau uku jirgin ruwa yana fashewa da shi, ban da yunwa da ƙishirwa da sanyi. A sura ta 12 ya ambaci wata damuwa a jikinsa wadda ya kwatanta da ƙaya. Sau uku ya roƙa a cire masa, ba a cire ba, sai dai aka ba shi alherin da zai iya ɗaukarta. Wa zai tashi ya ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Bari in kawo misali na kusa, wanda ya fara daga nan Kudu. A watan Disamba na 1893 wasu samari uku suka sauka a Legas, Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Niyyarsu su kai bishara ƙasashenmu na Arewa. A lokacin ba a ma san sauro ne ke kawo zazzaɓin cizon sauro ba, sai a 1897 Ronald Ross ya gano haka. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Legas, sauran biyun suka nausa Arewa. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku ta wajen Zariya, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida ba tare da ko majami'a ɗaya ba. Ya sake dawowa a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 aka samu aka kafa tasha a Patigi. Daga wannan aiki na mishan ɗin SIM ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954, wadda da yawa daga cikinmu a cikinta aka yi mana baftisma. In da ma'aunin masu wa'azin arziki za a bi, ai sai a ce Gowans da Kent Allah bai yarda da su ba. Abin sha'awa kuma, shi Bingham daga baya har littafi ya rubuta yana ƙaryata masu cewa mai bi ba ya ciwo, ba ya bukatar magani. Mutumin da ya rasa abokan tafiyarsa biyu ya san abin da yake faɗi.

To, amma kada wani ya fita daga nan ya ce na ce kowace wahala lada ce. Wasiƙar Bitrus ta fari an rubuta ta ne ga baƙi irinmu, masu bi da ke warwatse a lardunan da yanzu suke cikin ƙasar Turkiyya, suna zaune cikin mutanen da ba nasu ba. A sura ta 4 Bitrus ya raba musu abin gida biyu. Akwai shan wuya saboda gaskiya, wannan ba abin kunya ba ne. Akwai kuma shan wuya saboda kisa, ko sata, ko shisshigi cikin sha'anin mutane. Wanda ya ci amanar ubangidansa a kasuwar shanu, ko ya tauye mudu, in aka kama shi kada ya ce ana tsananta masa saboda addini. Abin da ya shuka ne yake girba.

Haƙuri kuma bai hana mutum neman haƙƙinsa ba, wannan wuri ne da mutanenmu suke yawan kuskure. A Ayyukan Manzanni sura ta 16, an yi wa Bulus da Sila dūka a garin Filibi, aka jefa su kurkuku ba shari'a. Da tsakar dare suna addu'a suna waƙoƙin yabo, wannan shi ne jimirin. Amma da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye, sai Bulus ya ƙi. Ya tuna musu cewa su 'yan ƙasar Roma ne, doka ta hana a yi musu haka, don haka mahukuntan su zo da kansu su fitar da su. Haka kuwa aka yi, suka zo suna ba da haƙuri. Saboda haka in an ƙwace maka rumfa, ko an tsare ɗanka ba laifi, ka je wurin Sarki, ka je wurin ƙungiya, a nemi lauya. In ciwo ne ka je asibiti, ana addu'a ana shan magani.

Abin da aka hana Kirista shi ne ramuwa. Romawa sura ta 12 ta ce a bar wa Allah sakayya, a rinjayi mugunta da nagarta. Wannan shi ne mafi wuya a cikin dukan abin da na faɗa, ba na ɓoye muku ba. Mu mazauna Kurmi mun san abin da ya faru a Shagamu a watan Yuli na 1999, mun kuma san abin da ya biyo baya a Kano da labari ya isa can. Waɗanda aka kashe a Kano ba su ne suka yi kisa a Shagamu ba, kuma jininsu bai dawo da ko mutum ɗaya daga cikin namu ba, sai ma ƙara mana zaman ɗar-ɗar da ya yi. Mun ga ƙonewar kasuwar Shasha a Ibadan a watan Fabrairu na 2021, inda dukiyar shekaru ta zama toka. Wutar ba ta tambayi mai rumfa ko masallaci yake zuwa ko majami'a ba. Matasa, ku ne ake fara zugawa a irin wannan rana, kuma ku ne ake fara binnewa.

Saura abu guda. Littafi bai ce kowa ya jimre shi kaɗai ba. Galatiyawa sura ta 6 ta umarce mu mu ɗauki nauyin juna. Lokacin da aka yi yunwa a zamanin Sarki Kalaudiyas, masu bi na Antakiya ba su aika wa 'yan'uwansu na Yahudiya da wa'azin haƙuri ba. Karo-karo suka yi, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka ba Barnaba da Bulus suka kai. Cewa "sai haƙuri" ba ta da tsada, kowa yana iyawa. Mu da muka baro gida, ba gona kusa, ba kawu ba gwaggo, in mutum ya kwanta kwana uku bai fita ba tukunyarsa ta mutu. Don haka ina roƙon shugabanni, kafin a watse a rubuta sunayen marasa lafiya da gwauraye da marayun unguwar nan, ba tare da duba addinin kowa ba, a raba mu biyu-biyu mu riƙa leƙa su. Wanda zai je kada ya je hannu rabbana, ko sabulu ne ko mudun shinkafa ya riƙe. In ya isa kuma ya zauna ya saurara, kada ya tambayi mai ciwo abin da ya yi.

Shugaban taro, na ga lokacina ya cika.