Jawabi Ga 'Yan Kasuwa: Kamfani Yana Da Cefanensa

Duk mai sayen wake a Tudun Hatsi ta Gombe yana kaiwa Ikko ko Badun, in ya yi rajistar kamfani, to ya ɗauki nauyi ne na kowace shekara. Wajibi ne ya miƙa rahoto ga Hukumar Rajistar Kamfanoni tare da kuɗinsa, ya kuma kai lissafi ofishin haraji, ko bai ci riba ba. Jinkiri yana jawo tara. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni tilascin ɗaukar sakatare, amma wanda ya shekara 10 a jere ba rahoto, ana iya soke rajistarsa. Saboda haka a ware kuɗin tun da kaka.