Kafin Ki Ba Da Kuɗin Adashenki A Sayo Kwamfuta

  

Yau zancenmu a kan kwamfuta ne, irin wadda ake naɗewa a sa a jaka, wato laftof. Wata za ta ce, ni da nake cikin gida ina ruwana da kwamfuta? To Hajiya, da ruwanki. Tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma ranar da yaronki ko 'yarki ta samu jami'a, aikin gida da rubutun furojet duk a kanta za a yi. Sau da yawa kuma kuɗin daga hannunki zai fito: kwasar adashe, ko kuɗin tunkiya, ko ribar ɗan wake da ƙuli-ƙuli. Ke ba kasuwa za ki je ba, aike za ki yi. Shi ya sa ya kamata ki san saƙon da za ki ba ɗan aike.

Ni ganau ce. Da ƙanwata za ta shiga jami'a, mahaifiyarmu ta sayar da 'yan kunnenta na zinare aka sayo mata wata mai sheƙi, gwanin sha'awa. Ashe kyan ɗan maciji ne. Ba a yi wata uku ba, da an zare waya sai ta mutu, kafin ta buɗe kuwa kin gama dama koko. Aka koma shagon, ba rasit, ba shaida. Hajiya ta yi shiru, amma na ga hawayenta.

To ga abin da za a duba. Da farko a tambayi yarinyar me za ta karanta. Mai karatun Hausa, ko shari'a, ko aikin koyarwa, rubutu da bincike a intanet ne yawancin aikinta, matsakaiciya ta ishe ta. Mai karatun injiniya ko zanen gine-gine kuwa, manhajoji irin su AutoCAD suna da nauyi, sai mai ƙarfi. Idan da hali, ta fara tambayar 'yan ajin gaba da ita.

Na biyu, akwai abin da ake kira ram. Ki ɗauke shi kamar faɗin tabarmar da kike baza kayan girki. In tabarmar ƙarama ce, sai kin kwashe wannan kafin ki ajiye wancan, aiki ya yi ta jan ƙafa. A nemi mai giga 8, kar a yarda da 4. Masu karatu mai nauyi, 16.

Na uku rumbun ajiya. Iri biyu ne. Tsohon yayi yana da faifai mai juyawa a ciki kamar garmaho, ga nawa, kuma faɗuwa ɗaya tana iya lalata shi da duk rubutun da ke ciki. Sabon kuma, wanda masu shago ke kira SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa, ya fi sauri nesa ba kusa ba. A nemi wannan, mai giga 256 ko fiye.

Na huɗu shekarunta. Yawancinmu 'yar kwatano muke saye, kuma ba laifi ba ne. Irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad don ofisoshi aka ƙera su, suna da ƙarko, kuma kayan gyaransu ba sa wuya. Amma a lura: a ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10. Sabuwar, Windows 11, galibi ba ta karɓar injin Intel da bai kai zubi na 8 ba. Don haka in mai shago ya ce Core i5 ce, kar a tsaya nan, a tambaye shi janareshan na nawa. Daga 8 zuwa sama ake so.

Na biyar, wanda a wurinmu ya fi komai, batir. Kun san halin wutarmu, kuma ɗakin kwanan ɗalibai mutum goma ne a kan soket ɗaya. A yi caji a shagon, a zare waya, a kunna bidiyo, a zauna a ga yadda batirin ke sauka. Gani ya kori ji.

Sannan ki ja kunnen ɗan aikenki. Ko titin Beirut a Kano zai je, ko wata kasuwar, ya tafi da wanda ya san kan abin, ita ma mai karatun ta bi su in an amince. A danna kowane harafi, a duba gilashin ko da zane ko tabo, a gwada kyamara da lasifika da wurin sa filashi. A karɓi caja mai kyau, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar, a kuma yi magana a kan kwana nawa za a iya mayarwa in ta ba da matsala. Wadda aka kawo a ɓoye da arahar banza, ba takarda, a guje ta, kar kayan sata ya ja wa yaro zaman ofishin 'yan sanda. Araha ba ta ado.

In kuɗin bai kai ba, kar ki ci bashi don gudun gori. A jira kwasa ta gaba, yarinya ta lallaba da ta ƙawaye zangon farko. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Ki sa a rubuta miki waɗannan a takarda, ki miƙa wa ɗan aike tare da kuɗin. Gumin ki ne, kina da ikon tambaya.

 Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su ilimi mai amfani.