Shimfiɗar Fuska Ta Fi Ta Tabarma: Jawabi Kan Tarbar Sabon Yaro a Ajin Share Fage

Shugabannin reshe, iyayenmu dattawan malamai, 'yan uwa daga makarantun Gwarzo, Getso, Kabo, Garo da kewaye, barkanmu da wannan zama.

Batunmu na yau shi ne yaron da ake kawo mana a karon farko, ɗan shekara huɗu ko biyar, riƙe da gefen mayafin uwarsa ko hannun yayarsa. Dokar Ilimin Bai Ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 2013 ta tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. A 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole, a 2024 kuma aka kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Doka tana iya kawo yaro bakin aji, amma abin da ya tarar a hannunmu shi ke sa ya zauna. Wanda ya tsorata a makon farko yakan fara laɓewa a hanya, daga nan sai gona ko kiwo ko farantin talla.

Abu na farko shi ne suna. A rajista an rubuta Muhammadu ko Fatima, amma a gida, saboda alkunya, Abba ko Ummi ake kiransu. Idan muka kira sunan yanka yaro bai amsa ba, kada mu ɗauka taurin kai ne. Mu tambayi wanda ya kawo shi sunan da ya saba ji, mu durƙusa daidai tsayinsa mu gaishe shi da shi.

Na biyu, mu yi tambaya kafin iyaye su juya. Yana da sikila ko farfaɗiya ko asma? Ya karya kumallo? Wa zai zo ɗaukarsa idan an tashi? In babu takardar haihuwa, mu karɓi yaron, sannan mu nuna wa iyaye ofishin Hukumar Ƙidaya.

Na uku, mu zaga da shi ya ga randar ruwa da makewayi da wurin zamansa, mu haɗa shi da wani yaro mai haƙuri, in da hali ɗan unguwarsu. Kukan kwana biyu ko uku ba laifi ba ne, kuma bulala ba ta da wuri a wannan aji. Idan ya yi fitsari a wando, a suturta shi, kada a bar aji ya yi masa ele. Yaron ruga da ya zo da Fulatanci zalla yana buƙatar ƙarin lallashi. Malamar da ta san cewa ndiyam shi ne ruwa ta riga ta sami kansa.

Mu kuma tuna cewa zangon farko yana faɗowa ne a kan kaka. Wasu yaran sai an gama girbi ake kawo su, bayan 'yan aji sun saba da juna. Wanda ya zo a makare ya cancanci irin tarbar da aka yi wa na ranar farko.

Mun san nauyin da ke kanmu. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 25 a wannan mataki, alhali kowannenmu ya san yawan da yake tararwa a ajinsa. Don haka muna kira ga reshe da ya kai kukanmu ga sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin biyu da hukumar SUBEB: a ƙaro malamai masu horo kan ƙananan yara, a sama wa kowane aji mai taimakawa, a tanadi tabarmi da ruwan sha. Shugabannin makarantu kuma su ba wa wannan aji malami mafi haƙuri da ƙwarewa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Iyaye da ke tare da mu, ku rako yaranku da kanku a kwanakin farko, ku daina tsorata su da sunan malam.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalamu alaikum.