Matar da aka kulle saboda addu'ar shiru

  Yau za mu je Faransa ne, mu koma baya fiye da shekara 300, wajen wata mata Kirista ƴar ɗarikar Katolika da ake kira Madam Giyon. Ba ta yi sata ba, ba ta zagi sarki ba, amma ta shafe fiye da shekara bakwai a tsare saboda abin da ta koyar game da miƙa kai ga Allah.

An haife ta a 1648 a garin Mantarji. Tana wajen shekara 16 aka aurar da ita ga wani attajiri da ya girme ta da shekara 22. Gidan bai yi mata daɗi ba, uwar miji ta sa ta gaba, ga cutar agana ta zo ta ɓata mata fuska. A 1676 mijin ya rasu, ya bar ta da ƴaƴa uku da dukiya, tana da shekara 28.

To, me ta koyar? A 1685 aka buga wani ɗan littafinta kan hanyar addu'a mai sauƙi. A ganinta, mai bin Almasihu ba ya bukatar dogon karatu kafin ya kusanci Allah. Ya ɗauki ƴan kalmomi daga Littafi Mai Tsarki, ya karanta a hankali, ya tsaya, ya yi shiru, ya mai da hankalinsa ga Allah da ke tare da shi a zuciya. Wanda bai iya karatu ba kuwa ya yi haka da addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, kalma bayan kalma, ba gaggawa. Har makiyayan tumaki da manoma ta ambata a littafin, tana ganin mai kiwo zai iya wannan addu'a yana bayan garkensa. Wannan wurin ne ya sa na ce sai na kawo muku labarinta.

Amma shirun somin taɓi ne. Gundarin maganar shi ne mutum ya daina ja da Allah a kan son ransa. Abin da ya wuce ya bar shi, na gobe ya danƙa shi, abin da ya same shi yanzu, daɗi ko wuya, ya karɓa daga hannun Allah. In ya dawwama a haka, nufinsa yakan bi nufin Allah har su zama abu guda. Abin da take kira haɗuwa da Allah ke nan.

A wani littafin ta kwatanta masu bi da ruwa iri uku. Akwai ƙorama mai tafiyar hawainiya. Akwai babban kogi mai ɗauke da jirage cike da haja, kowa na yaba shi, fatake kun san irinsa. Sai kuma ruwan da ke gangarowa daga dutse da ƙarfi, yana karo da duwatsu, yana gurɓacewa, wani lokaci ma ya nutse ƙarƙashin ƙasa, ba ya ɗaukar kayan kowa, amma ba ya tsayawa sai ya faɗa teku. Na ukun nan ta fi daɗewa a kansa, don a wurinta mai neman Allah sai ya rabu har da jin daɗin ibadarsa da sunan kirkin da yake taƙama da shi.

Nan rigima ta taso. Manyan Ikkilisiya suka ce, in mutum ya sallama komai har bai damu da roƙon ceton ransa ba, ina amfanin furta zunubi da sauran ibadu? Ba za a sami malalata su fake da shiru ba? Ba tambayar banza ba ce. Ku ma in saniya ta kwanta ciwo, wani ya ce a bar wa Allah, wani ya ruga neman likitan dabbobi, kun san gardamar da akan yi. Ga shi a 1687 Roma ta riga ta hukunta wani malami ɗan Sifen, Molinos, kan koyarwa mai kama da wannan. A 1688 aka tsare ta wata da watanni a gidan mata masu zaman zuhudu a Paris. Bishof Bosuwe ya yi mata ca, Fenelon kuma, wanda ya koyar da jikan Sarki Luwi na 14, ya tsaya mata. A ƙarshen 1695 aka sake kama ta, daga baya aka kai ta kurkukun Bastil. A 1699 Fafaroma ya soki wasu maganganu a littafin Fenelon, shi kuwa ya amince da hukuncin.

Ni dai akwai inda labarin ya tsaya mini a wuya. A 1681 ta bar ƴaƴanta maza biyu a hannun dangi, ta tafi kusa da Janeba da ƴar autarta don aikin addini. Ta miƙa kanta, na ji, amma yaran nan fa ba a tambaye su ba. Sai dai kuma ba zan iya kiranta malalaciya ba. Matar da ta sallama yawancin dukiyarta, ta kula da marasa lafiya, ta sha tambayoyin masu bincike ba ta bar Ikkilisiyarta ba, ba hutu take nema ba.

An sake ta a 1703. Ta ƙare rayuwarta a garin Buluwa, baƙi daga Ingila da Jamus suna zuwa wurinta, da yawansu ma ƴan Furotestan ne. Ta rasu a 1717. A 1776 Jon Wesli, wanda ya kafa ɗarikar Metodis, ya buga taƙaitaccen tarihinta da Turanci, kuma har yau ana karanta littattafanta.